Taba a Ƙasar Guri: Illarta da Yadda Gargaɗi Zai Isa Kunnen Mai Sha

Taba ganye ce mai ɗauke da sinadarin nikotin, wanda shi ne ke kama mai sha ya hana shi bari. A ƙasar Hausa ana zuƙar hayaƙinta a sigari ko a lofe, ana cusa garinta tsakanin leɓe da dasashi, ana shaƙa ta hanci, ga kuma shisha da ta shigo birane a 'yan shekarun nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa taba tana kashe mutum sama da miliyan 7 duk shekara. Fiye da miliyan 1 daga cikinsu ba mashaya ba ne, hayaƙin wasu ne ya ci su. Cikin waɗanda suka ɗore da sha ba su bari ba, har kusan rabi ita ke zama sanadin ajalinsu. Masu amfani da ita a duniya sun haura biliyan 1, kuma kimanin kashi 80 cikin 100 suna zaune ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, irin su Najeriya da Nijar.

Asalin tsiron daga nahiyar Amurka yake. Mutanen Sifen da Fotugal suka kwaso shi bayan 1492, kafin ƙarshen ƙarni na 16 kuma ya iso Afirka ta Yamma, ta bakin teku da ta hannun fatake masu ratsa Sahara. Da isowarsa malamai suka shiga saɓani a kansa. Shehu Ahmad Baba na Tumbuktu ya rubuta fatawa a 1607 yana halatta shan taba, wasu malaman zamaninsa a Masar da Maroko kuwa suka haramta. A lokacin ba a tabbatar da abin da hayaƙin ke yi wa huhu ba, galibin gardamar a kan ko tana bugarwa ko ba ta bugarwa aka yi ta. Zuwa shekarun 1850, sa'ad da matafiyi Heinrich Barth ya ratsa ƙasar Hausa, ya tarar da gonakin taba a kewayen Katsina. Ta riga ta zauna cikin al'ada ke nan: dattijo da battarsa ta taba gari, mace da furen taba da goro tana rina haƙora. Sigarin kamfani daga baya ya mamaye. Kamfanin taba na Najeriya ya buɗe masana'anta a Zariya a 1959, kamfanin British American Tobacco ya haɗiye shi a 2000, ya kuma buɗe babbar masana'anta a Ibadan a 2003.

Binciken ƙasa baki ɗaya da aka yi a 2012 ya nuna cewa kashi 5.6 cikin 100 na baligan Najeriya suna amfani da taba, wato mutum kusan miliyan 4.7. A cikin maza mutum 1 ne cikin 10, a cikin mata kuwa kusan 1 cikin 100. In aka gwada da ƙasa irin Indonesiya, inda fiye da rabin maza ke sha, adadin kaɗan ne. Amma wannan ƙarancin ba abin sakankancewa ba ne. Ƙasar da matasa suka fi yawa a cikinta, akasarinsu kuma ba su fara sha ba, ita ce kasuwar da mai sayarwa ke hange, musamman yanzu da ciniki ke ja da baya a Turai da Amurka.

Don ganin yadda abin yake a karkara, a ɗauki ƙaramar hukumar Guri. Tana arewa maso gabashin Jihar Jigawa, tana iyaka da Jihar Yobe, ɗaya ce kuma daga ƙananan hukumomi 8 na masarautar Haɗeja. Ƙasar fadama ce. Kogin Haɗeja, bayan ya baro ƙasar Kano ya wuce birnin Haɗeja, a wannan yanki yake rarrabuwa ya bazu cikin dausayin da ya miƙe har Nguru da Gashuwa. Hausawa da Mangawa da Badawa da Fulani ke zaune a garuruwa irin su Guri da Kadira da Abunabo da Musari da Lafiya, sana'arsu su da noman shinkafa da noman rani da kiwo. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum sama da 100,000. Kara ɗaya na sigari a Guri da kara ɗaya a Abuja duk guba ɗaya ce, amma jikin da take shiga da halin da yake ciki ba ɗaya ba ne. Huhun mutumin fadama ya riga ya ɗauki kaya: hayaƙin bandar kifi, hayaƙin itace a madafa, ƙurar casar shinkafa, ga hazon hunturu wata uku ko huɗu a shekara. Sannan asibitin da zai iya da manyan cututtukan taba yana nesa. Daga babban asibitin Haɗeja sai a tura mutum Nguru ko Dutse ko Birnin Kudu, in abin ya kai ga cutar daji kuwa sai Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko Zariya. A shekarar ambaliya irin 2020 da 2022, hanyar ma takan yanke.

Abin da hayaƙin ke yi wa jiki

A cikin hayaƙin taba akwai sinadarai sama da 7,000. An tabbatar aƙalla 250 suna da lahani, 69 daga ciki kuma suna haddasa cutar daji. Uku ne ya kamata kowa ya sani. Nikotin yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 da zuƙa, ya sa mutum ya ji wata 'yar walwala, bayan ɗan lokaci ya janye, jiki ya shiga neman ƙari. Kwaltar taba ita ce baƙin maiƙon da ke rina yatsu da haƙora, ita ce kuma ke manne wa huhu. Na ukun iskar kabon monoksaid ce, wadda ke hallaka iyali in sun kwana da janareto a ɗaki. A jinin mai shan taba tana ƙwace gurbin iskar da jiki ke rayuwa da ita, shi ya sa yake saurin haki in ya ɗauki buhu ko ya tuƙa kwalekwale.

A cikin hanyoyin numfashi akwai wasu ƙananan gashi da ido ba ya gani, aikinsu turo majina da ƙura sama a fitar. Hayaƙi yana kashe musu ƙarfi. Da dare, sa'ad da mai sha yake barci bai zuƙa ba, sukan ɗan farfaɗo su kama aiki, shi ne dalilin tarin asuba da mashaya suka saba da shi har suka daina ɗaukarsa ciwo. In shekaru suka ja, hanyoyin sai su kumbura su tsuke, ƙananan jakunkunan iska na huhu su yayyage, kuma wanda ya yage ba ya komawa. Mai wannan ciwo ba ya mutuwa da wuri. Yakan yi shekaru yana zaune a zaure, tafiya masallaci ma sai ya huta a hanya, gonar da ya gada kuwa sai dai a ba shi labarinta.

Cutar dajin huhu ita aka fara kama taba da laifinta. Masu bincike Richard Doll da Austin Bradford Hill suka buga bincikensu a Ingila a 1950, a 1951 kuma suka fara bin diddigin dubban likitocin ƙasar, aikin da aka yi shekara 50 ana yi. Sakamakonsa shi ne mai sha yana rasa kimanin shekara 10 na rayuwarsa in aka gwada da wanda bai sha. Yau an san kusan kashi 85 cikin 100 na dajin huhu taba ce sanadi, tana da hannu kuma a dajin baki da maƙogwaro da mafitsara da bakin mahaifa.

Sai dai a ƙauyukan Arewa, ɓarnar da aka fi gani ba a ma danganta ta da taba. Hayaƙi yana ƙuje bangon jijiyoyin jini, kitse ya taru a wurin, jini ya yi kauri, hanya ta dinga tsukewa. Mutumin Guri ya san wannan a ruwa: haka kachala ke cinye magudana sannu a hankali, ruwa ya kasa wucewa, gonar da ke gaba ta bushe. In jijiyar zuciya ce ta toshe, mutum ya yanke jiki ya faɗi. In ta ƙwaƙwalwa ce, ɓarin jiki ya shanye, a ce iska ce ta buge shi ko sammu aka yi masa. Ga mai hawan jini ko ciwon sukari, taba ninka haɗarin take yi. Ita ce kuma ke cikin dalilan raunin mazakuta, domin wannan ma aikin jijiyoyin jini ne. Kuma rage yawan kara ba ya rage haɗarin daidai gwargwado: wani babban nazari da aka buga a 2018 ya nuna mai shan kara 1 a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya na mai shan kara 20.

Tarin fuka shi ne ya fi kusa da gida. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu wannan cuta, shan taba kuma yana kusan ninka yiwuwar kamuwa da ita, yana sa magani ya yi jinkirin aiki, yana sa ta dawo bayan an warke. Mafi muni, tarin taba yana rufe tarin fuka. Mai sha zai yi wata biyu yana tari yana ramewa yana cewa sigari ne, alhali yana raba ƙwayar cutar ga matarsa da 'ya'yansa da abokan hirarsa.

Abin da ake faɗa a bakin ruwa da majalisa

Duk mai sha yana da hujjarsa, kuma wayar da kan da bai amsa wannan hujja ba ɓata yawu ne. Masuncin da ya sauka ruwa da asubar hunturu, ya kwanta a kan gora rabin jikinsa a ruwa, ko ya kwana a kwalekwale yana jiran taru, zai ce sigari na korar sanyi. Abin da yake ji gaskiya ne: ɗumin hayaƙi a ƙirji da bugun zuciya da ya ƙaru. Abin da ke faruwa a jikinsa kuwa akasin haka ne. Nikotin yana tsuke ƙananan jijiyoyin fata, jini ya ragu a yatsun hannu da na ƙafa, su ƙara sanyi, rauni ko kaushin da ke ƙafa ya daɗe bai warke ba. Kofin shayi mai zafi ko kunu ya fi kwali guda ɗumama jiki.

Ɗan ƙwadago a gonar shinkafa da direban da ke ɗaukar kifi zuwa Kudu za su ce tana ƙara ƙarfi tana hana barci. Nikotin yana ɗan wartsakar da mutum na mintoci, amma iskar da ya rage a jini ta fi abin da ya bayar. Wani kuma zai ce tana kwantar masa da hankali in ransa ya ɓaci. A nan ne dabarar nikotin take. Ƙuncin da mai sha ke ji in ya yi awa biyu bai zuƙa ba, rashin nikotin ɗin ne ya kawo shi. In ya kunna ya ji sauƙi, ba damuwar duniya aka yaye masa ba, ƙishin da tabar ta haddasa ne ta kashe na ɗan lokaci. Akwai kuma mai kawo misalin kakansa da ya sha lofe har ya shekara 90. An yi irinsu, ba a musu. Tsaransa da suka riga shi da shekara 30 ne ba sa nan balle su ba da nasu labarin.

Taba gari ta fi sigari samun mutunci, domin ba ta hayaƙi, kuma dattawa aka sani da ita. Mai ci zai buɗe batta, ya ɗebo da yatsu biyu, ya danna ƙarƙashin leɓen ƙasa, ya bar ta tana jiƙa yana tofar da yawu. Kanwar da ake haɗa ta da ita ba don ɗanɗano kaɗai ba ce, tana sa nikotin ya fi saurin ratsa fatar baki, shi ya sa kamunta ba ya kasa na sigari. An gano aƙalla sinadarai 28 masu jawo cutar daji a tabar da ba a ƙonawa. A daidai inda ake ajiye ta kullum, dasashi yakan janye, haƙori ya yi girgiɗi, wani lokaci wani farin tabo ya fito wanda ba ya gogewa. Wannan tabo, ko gyambon baki da ya wuce mako biyu bai warke ba, abin nuna wa likita ne tun bai zama daji ba. Da yawa, har da mata, ciwon haƙori ne ya kai su gare ta. Takan dusashe zafin na ɗan lokaci, ramin haƙorin yana nan yana ci, ga sabon kamu an ƙara.

Shisha kuwa ta samari da 'yan mata ce a birane da garuruwan da ke da manyan makarantu, daga can take gangarowa. Ƙanshin tuffa ko na'ana'a da ruwan da ke cikin tulun su ke sa a ɗauka ba taba ba ce. Taba ce, ruwan kuma ba ya tace gubar, gawayin da ake ɗorawa ma ƙara kabon monoksaid yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi tun 2005 cewa a zaman awa guda mai shan shisha na iya zuƙar hayaƙin da ya kai na kara 100 ko fiye. Ga bututu ɗaya yana yawo baki zuwa baki.

Wanda bai sha ba ma bai tsira ba. A ɗaki ɗaya da ake rufe ƙofa da taga saboda sanyi ko sauro, hayaƙin maigida na kowa ne. Yara suna samun ciwon haƙarƙari da asma da ciwon kunne, mai ciki tana iya haihuwar bakwaini ko jariri maras nauyi, matar da ta shekara 20 tana shaƙa tana cikin haɗarin ciwon zuciya da dajin huhu. Babu wani ƙaramin adadin hayaƙi da masana suka ce ba shi da lahani. Ta fuskar aljihu kuma, lissafin ba wuya: kara 5 a rana kara 1,825 ne a shekara, sama da kwali 90. Kowa ya buga da farashin garinsu, ya gwada da kuɗin buhun taki ko man injin ban ruwa.

Doka da inda ta tsaya

Najeriya ba ta rasa doka ba. Tun 1990, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, aka kafa dokar soja mai lamba 20 da ta hana shan taba a wasu wuraren jama'a. Ƙasar ta amince da yarjejeniyar duniya ta taƙaita taba a 2005. A 2007 jihar Kano da wasu jihohi suka kai kamfanonin taba kotu suna neman diyyar kuɗin jinya. A watan Mayun 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar taƙaita taba ta ƙasa, ƙa'idojin aiwatar da ita kuma suka fito a 2019. Dokar ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sa shi ya sayar, ta hana talla, ta hana sha a asibiti da makaranta da motar haya da sauran wuraren taruwa, da tarar da ba ta kasa naira 50,000 ba ko ɗaurin wata 6. Ta kuma ce ba a sayar da sigari sai cikin kwali mai kara 20. A Yunin 2021 aka fara wajabta hoton gargaɗi, wanda a lokacin yake rufe rabin kwali. A Disambar 2023 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta ci British American Tobacco tarar dala miliyan 110.

A takarda wannan ya isa. A teburin mai shayi da shagon tireda kuwa, daga Guri har Sakkwato, kara-kara ake sayarwa, kuma wannan al'ada ɗaya ta warware rabin dokar. Kwalin da ke ɗauke da hoton yana hannun mai shago, mai saye bai gan shi ba. Rubutun gargaɗin da Turanci yake, mai karatun allo da ajami bai amfana ba. Kara ɗaya kuma bai fi ƙarfin aljihun yaro ba, ga shi shi ake aika ya sayo, wani lokaci har a ce ya kunno a murhun mai shayi. A Amurka an gano kusan 9 cikin 10 na baligan mashaya sun fara ne kafin shekara 18, kuma ko'ina labarin kusan haka yake: wanda ya kai shekara 25 bai fara ba, da wuya ya fara. Saboda haka hana kara-kara da hana aiken yara sun fi kowace tara muhimmanci, kuma ba sai an jira jami'i daga Dutse ba. Sarkin kasuwa da ƙungiyar masu shayi suna iya yanke wannan a zama ɗaya in sun ga dama.

Akwai wani giɓin kuma. Faɗakarwar da ake yi a kan shaye-shaye ta fi karkata ga wiwi da tiramol da kodin, domin su ne ke haukatarwa a gani da ido. Taba ba ta sa mutum tangaɗi, doka ba ta hana babba sha ba, sai ta sulale ta gefe, alhali a duniya ta fi su duka kisa, kuma sau da yawa da ita yaro ke buɗe ƙofa.

Wa zai faɗa, kuma yaya

Ranar 31 ga Mayu ce ranar yaƙi da shan taba ta duniya, ana bikinta tun ƙarshen shekarun 1980. Yawanci a manyan birane ake taro a yi jawabi a raba riguna. Masuncin Abunabo ba ya cikin wannan taro. Abin da ke isa gare shi rediyo ne, irin Sawaba FM ta Haɗeja da Rediyo Jigawa, sai huɗubar Juma'a, sai bakin wanda yake jin nauyinsa. Arewa ta riga ta gwada wannan hanya ta ga amfaninta. Rigakafin shan inna bai ci gaba ba sai da sarakuna suka kafa kwamitinsu a 2009 ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, hakimai da dagatai da bulamai da masu unguwa suka shiga gida-gida, har aka tabbatar a watan Agustan 2020 cewa asalin nau'in ƙwayar cutar ya kau daga Afirka. Tsarin yana nan bai rushe ba. A ƙasar ruwa akwai ƙari ma: sarkin ruwa da shugabannin masunta, waɗanda maganarsu ke da nauyi a kan wanda zai sa taru da lokacin da zai sa.

Malamai suna da hujjar da Ahmad Baba bai samu ba, wato shaidar likitoci. A kanta ne Muftin Masar Nasr Farid Wasil ya ba da fatawar haramci a 2000, malamai da dama a Najeriya ma a kan haka suke, bisa hanin cutar da kai, da cutar da wani, da almubazzaranci. Wasu sun tsaya a karhanci. Ko wanne aka ɗauka, watan azumi dama ce da ba a cin moriyarta sosai: mutumin da ya rantse ba ya iya awa biyu ba hayaƙi, sai ga shi yana yin awa 13 ko 14 kullum har kwana 29 ko 30. Abin da ya rage masa tsakanin magariba da sahur ne.

Yadda ake faɗa ma yana da tasiri. In an fara da kiran mai sha ɗan iska, zai koma bayan gari ya sha, ya kuma ɓoye wa malamin asibiti. Kamun nikotin ciwo ne, yawancin masu sha kuma suna so su bari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in babu taimako, kashi 4 cikin 100 kacal na yunƙurin bari ke nasara, amma 'yar gajeriyar shawara daga ma'aikacin lafiya tana iya ƙara nasarar da kusan kashi 30 cikin 100. Tambaya ɗaya a ɗakin duba marasa lafiya, ko ana shan taba ko ana cin ta, da tambayar mai ciki ranar awo ko ana sha a ɗakin da take kwana, ba sa cin ko kwabo.

Wanda ya yi niyyar bari yana bukatar ya san abin da zai tarar. Ya sa rana, ya gaya wa iyalinsa da aboki ɗaya, ya zubar da abin da ya rage da ashana da batta. Kwana uku na farko su ne masu wuya: saurin fushi, ciwon kai, rashin barci, yawan jin yunwa. Zuwa mako biyu ko huɗu yawancin wannan ya lafa. Sha'awar in ta taso mintoci kaɗan take yi ta wuce, a tare ta da ruwa ko asuwaki ko alwala ko tashi daga wurin. Majalisar da aka saba sha a cikinta a ɗan ƙaurace mata wata guda. Komawa taba gari ko shisha ba bari ba ne. Akwai cingam da filastar nikotin a manyan kantunan magani na birane ga wanda kamun ya yi wa tsanani, a yi amfani da su bisa shawarar likita. In an zame an sha kara ɗaya, a sake ɗaura niyya a ranar, domin akasarin waɗanda suka bari sai da suka gwada fiye da sau ɗaya.

Jiki kuma yana saurin biya. Cikin awa 12 kabon monoksaid ya sauka daga jini. Cikin mako 2 zuwa 12 gudun jini da numfashi sun gyaru. Bayan shekara 1 haɗarin ciwon zuciya ya ragu da rabi, bayan shekara 10 na dajin huhu ma haka. Binciken likitocin Ingila ya nuna wanda ya bari yana ɗan shekara 30 ya ceto kusan duk shekara 10 ɗin nan, mai 40 ya ceto 9, mai 50 ya ceto 6, mai 60 ma ya samu 3. Wanda kuma tari ya kai masa mako biyu, ko yana shan taba ko ya bari, kada ya tsaya cewa na sigari ne: ya je asibitin gwamnati mafi kusa a gwada majinarsa. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a Najeriya.